Ƙyauren Jibrilla Mai Korar Mayaƙa

"Tun daga nan har Agadas babu ƙyauren da ban gani ba, kuma ni za ni sassaƙa wanda ya fi su duka!"

Mai wannan magana Jibrilla ne, masassaƙi a wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa. Kada ka ji masassaƙi ka ɗauka wani abu ne. Turmin Jibrilla in aka zuba masa gero, rabi a ƙasa ake tsince shi. Agadas kuwa, iyakarsa da ita ya taɓa riƙe wa wani Buzu akalar raƙumi.

Zamanin nan Gobirawa da mutanen Sakkwato na ta kai wa juna hari, ƙauyen kuma yana tsakiya, duk wanda ya wuce sai ya kore musu awaki. Sun kewaye gari da kafi, amma ƙofar da ƙaya ake toshe ta. Shi ne Jibrilla ya je gaban Maigari Maliki ya zube.

"Ranka ya daɗe, ƙyaure za ni yi na icen ƙirya, in lilliƙa mishi madubai. Duk mahayin da ya taso zai ga wani mahayi da mashi ya nufo shi, sai ya juya."

"To madubin ina munka gan shi?"

"Hannun mata!"

Madubi a lokacin sai fatake sun kawo daga arewa, girmansa bai wuce tafin hannu ba, mace kan gaje shi wurin kakarta. Maigari ya ba da umarni, aka bi gida gida aka karɓo. Inna Larai, mahaifiyar Maigari, ta miƙa nata tana hararar Jibrilla.

"Kai, mai turmin yoyo, da shi nike sa kwalli. Ko tsagewa ya yi, za ka san ni."

"Inna, ko ƙuda ba ya taɓa shi."

Matarsa Kadijatu ta ce masa, "Malam, ka je ka auna ƙofar mana."

"Auno na almajiran sana'a ne. Ni idona ne igiya."

Ƙirya ta cinye masa gizago, ya aro na maƙwabci, ta cinye. Da ƙyar ya fitar da allunan, ya haɗa su, ya fafe gurabe, ya dasa madubai da ƙaro. Ƙyaure ya fito yana walƙiya, nauyinsa kamar gawar giwa. Ƙartin gari suka kinkime shi suna nishi har bakin kafi. Da aka jingina, sai ga shi faɗinsa ya fi ƙofar.

Jibrilla ya ce, "Ƙofar ce ta tsuke. A tuge itatuwa!"

Aka tuge, aka faɗaɗa, aka kafa. Yanzu kuma tsawo ya gaza, har wata kaza ta bi ta ƙasa da 'ya'yanta ba ta ko sunkuya ba.

"Da gangan na yi, don iska."

Gari ya taru a waje ana kallo. Jibrilla ya gyara rawani, ya buga ƙirji. "Ina abokin gaba? Ya zo ya gwada!"

Allah ya karɓi addu'arsa nan take. Ragon Maigari, wani ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, ya dawo daga kiwo zai shiga gida. Ya ɗaga kai, ya ga raguna birjik cikin madubai sun tare masa hanya, kowanne yana hararar sa. Ya tsaya. Ya fara ja da baya.

Jibrilla ya yi tsalle. "Kun gani? Kun gani? Tsoro ya kama shi! Haka mahaya za su yi!"

Wani Bafulatani da ke gefe ya ce, "Baba, kauce."

Ƙuuu! Rago ya kashe na farko. Ya koma ya ɗauko gudu ya kashe na biyu. Jibrilla ya shiga tsakani yana kaɗa riga, aka haɗa da shi, sai ga rawani can, takalmi can. Rago bai huta ba sai da ya ga babu sauran abokin gaba ko ɗaya, sannan ya durƙusa ya bi ta hanyar kaza.

Mata suka yi wa Maigari cincirindo. Inna Larai ce ta yanke hukunci.

"Tunda ya ce idonshi igiya ne, to ya zama madubi."

Tun daga ranar, kullum hantsi Jibrilla na zaune gindin ƙyaurensa, mata na bin layi yana duba musu kwalliya. "Inna, kwallin hagu ya zarce. Tani, ɗaurin kallabi ya karkace."

Ran nan Kadijatu ta zo, ta ƙura masa ido, ta daɗe, ta yi tsaki, ta juya wajen Inna Larai.

"Inna, a sake kiran ragon nan. Saura madubi ɗaya bai fasa ba."