Sabon Kitsen da Na Gano

A ɗakin gwajinmu na Fatakwal, muna ɗiga jini a farantin gilashi, sinadari ya rarraba kitsen da ke cikin jinin tabo-tabo. Rannan na ci tsire wurin Kawu a Rumuokoro, na kama aiki ba safar hannu. Ai ni gwani ne.

Sai ga ƙaton tabon da ban taɓa gani ba. Na tara kowa, har ina tunanin sunan da zan raɗa masa.

Shugabarmu ta duƙa ta duba. "Sabon kitsen naka, ya na ga da zanen yatsa?"

Labarin ya riga ni isa gida. Har yau Kawu kan tambaye ni, "Dakta, ci za ka yi, ko na bincike ne?"