Gyaran da na yi wa madatsar Baffa

Lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, na sami aikin akawu a Kazaure, na sayi sabon babur, na kuma ɗauka ilimin duniya a kaina ya ƙare. Wata Asabar da damina na je ƙauyenmu kusa da Roni, na tarar Baffa, wan mahaifina, ya tafi kasuwa. Yana da 'yar madatsar ruwa ta ƙasa da ya tara don shanunsa da lambun rani.

Ina zagayawa sai na ga wani gefe ya lotsa, ruwa na zurarewa ta wurin. Na ce lallai tsufa ya kama Baffa. Na tuɓe riga, na ɗauko shebur.

Malam Idi, maƙwabcin gonarsa, ya ce, "Malam akawu, da ka jira shi."

Na ce, "Baba, ai mun karanta wannan a makaranta."

Na cike wurin tsaf, har na daddaɓe. Da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ashe da gangan aka bar gurbin, don rarar ruwa ta fita. Da ruwan ya rasa hanya, sai ya haura ta ɗaya gefen, daidai gindin tsamiyar da na jingine babur.

Baffa ya dawo ya tarar mu shida, ni da maƙwabta, muna ciro babur daga taɓo. Ya duba madatsarsa, ba ta fashe ba, sannan ya dube ni.

"Sannu da aiki, Injiniya."

Yau ko jikokina ba su san ina da wani suna ba.