Yadda Za Ka Yi Sharhin Kakar Besbol a Mansur Ba Tare da Ka Taɓa Ganin Wasan Ba

Idan ka bi matakan nan yadda aka jera su, ina ba ka tabbacin kafin a buɗe kakar bana dattawa za su riƙa matsa maka a tabarma idan ka shigo. An gwada hanyar a kan mutum ɗaya, Labaran mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗan Zariya mazaunin unguwar Kudai, kuma har yau yana Makka. A gaban tukubata ta tsire aka yi yawancin abin, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

1. Ka jira sai kana cikin matsi

Mai kwanciyar hankali ba ya zama masani. A farkon 2016 iƙamar Labaran, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa, Ammu Abdulwasi'u, dattijon Bahaushe haifaffen Makka mai shagon kayan sanyi a unguwar Mansur, ya fara cewa kasuwa ta mutu, ma'aikata sun yi masa yawa. Su biyu ne ma'aikatan, ɗayan kuma ɗan ƙanwarsa ne.

Daidai lokacin Sami ɗan Ammu ya dawo daga karatu a Amurka da digiri da kuma ciwon besbol. Wasa ne da wani ke jefa ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga. Sami ya kuma zo da abin da ake kira fantasi: ka zaɓi 'yan wasa na gaske a wayarka, abin da suka yi a fili can Amurka shi ne makinka a nan. Da bai sami abokan yi ba, sai ya saka babansa da aminan babansa. Ammu bai san wasan ba, amma ya san ba zai yarda ɗan da ya haifa ya kayar da shi a gaban sa'o'insa ba.

2. Ka ce ka sani, tun kafin a gama tambaya

Wata rana bayan la'asar Ammu ya tambaya a shago ko akwai wanda ya taɓa jin wannan wasa. Labaran yana kan tsani ya ce ai shi ya buga shi a Zariya.

Ka lura da hikimar. Kullum ka ambaci garin da mai tambayar bai taɓa zuwa ba. Iyakar abin da Ammu ya sani game da Zariya shi ne daga can kakansa ya taso da ƙafa, don haka duk abin da aka ce ana yi a can yana iya yiwuwa.

3. Ka zaɓi ƙungiyar da ba ta da masoyi

Ƙungiya mai farin jini tana da masu gyara maka kuskure. Labaran ya karɓi wayar Sami, ya yi ta turawa har ya iso kan wasu masu hula ruwan toka. Ba wanda ya iya faɗin sunansu a majalisar, shi ya sa har yau Masu Hular Toka muke ce musu. Sami ya ce bara su suka zo na ƙarshe. Labaran ya ce dalilin ke nan: duk sauran sun gaji, waɗannan kuwa shekara guda suka yi suna hutawa.

4. Kada ka kalli wasan

Kallo yana kawo shakka. Labaran ya gwada sau ɗaya, ya ga ƙarti a tsaitsaye suna tauna suna tofarwa, ya kashe.

Ka yi sharhi da abin da ka sani. Ranar da ya gabatar da hasashensa na kaka, dattawa na zaune ana cin tsire, ya ce ƙungiyar injinta lafiya lau, gas ne ya yi ƙasa. Masu jifa sababbi ne fil, sai dai ba a san ko za su jure zafi ba. Masu duka kuwa suna da ƙara amma ba sa sanyaya ɗaki. Daga nan ya kasa 'yan wasan uku: waɗanda za su tashi, waɗanda za su faɗi, da waɗanda sai an ga yanayi. Kusan kowa a kaso na uku ya faɗa. Kai ma ka yi haka. Ba a taɓa kama mutum da ƙarya a kan yanayi ba.

5. Ka ɗora mutuncinka a kan mutum ɗaya

Nan ne wurin da ake rabuwa da ragwaye. Ammu ya miƙo waya ya ce a nuna masa wanda zai fara ɗauka. Labaran ya ɗora yatsa a kan wani mai jifa ɗan Kyuba, mai teɓa da furfura a gemu, don kawai shi ne ya fi kama da mutumin kirki.

Sami ya yi dariya har da tari. Ya ce mutumin ya doshi arba'in, kuma kwanan nan aka yi masa aiki a kafaɗa.

"To ai an gyara ke nan," in ji Labaran. "Sauran ba wanda ya buɗe su ya duba."

Ammu ya ce wannan magana ce ta mai hankali, ya danna. Labaran ya koma Kudai, ya kira matarsa Maijidda a Zariya, ya ce ta share ɗaki, da alama tare za su yi azumin bana.

6. Idan ka yi daidai, kada a ga mamaki a fuskarka

Ɗan Kyuba ya yi kakar da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ba wanda ya san dalili, ina jin har shi kansa. Kullum da safe Ammu yakan buɗe waya kafin ya buɗe shago, ya kira Sami ya tambaye shi cikin ladabi ko shi ne na nawa yanzu. Kafin azumi aka sabunta iƙama, maganar yawan ma'aikata kuma ba a sake tayar da ita ba. Duk wanda ya taya Labaran murna sai ya ce ai ya faɗa.

7. Ka shirya wa ranar kulki

Wannan rana tana zuwa, ba makawa. Bayan an rufe kaka Ammu ya lashe gasar, murna ta sa ya aika Jidda aka sayo kulake da ƙwallaye. Ranar wata Juma'a da yamma ya kwashe mu duka zuwa wata istiraha, gidan shaƙatawa mai fili a bayan gari. Ya raba wa kowa kulki, ya ce Labaran ya fito ya nuna mana yadda ake yi.

Labaran ya fito. Ya juya kulkin, ya auna shi, ya kama wajen kaurin da hannu bibbiyu, siririn kan yana kallon sama.

"Abuya, a juye ya riƙe," Sami ya ce wa babansa.

Ammu ya dubi nasa kulkin, ya dubi Labaran, ya daɗe yana dubansa.

"Labaran, haka ake riƙewa?"

"A Zariya haka ne, Ammu. Amurkawa ne suka juya shi."

Ammu ya gyaɗa kai, ya juya nasa. Dattawan nan ɗaya bayan ɗaya suka juya nasu. Sami ya tsaya da nasa daidai, shi kaɗai a tsakiyar fili, har babansa ya waiwayo ya tambaye shi ko karatun da aka tura shi ke nan, ya koyo raina na gaba. Shi ma ya juya. Muka yi wasa har magariba, ba wanda ya taɓa ƙwallo, kowa ya ce ya ji daɗi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu tsire yake sayarwa. Ba ruwansa da iƙamarka, ko kafilinka, ko haƙorin da zai fita idan aka yi sa'a wani ya sami ƙwallon. Wanda ya bi matakan nan ya kwana a jirgin Kano, kada ya ambaci sunan mai tsire. Musamman ba ruwansa da abin da zai faru wata mai zuwa, domin Ɗan Kyuba ya yi ritaya ya koma kiwon kaji, Ammu ya ce bana ma shi zai fara ɗauka, kuma har yanzu ba a sami wanda zai gaya masa ba.