Darakta Garwashi da Rijiyoyi Arba'in

Allah ya yi taurari domin dare, ya yi raɓa domin ciyawa, ya kuma yi Darakta dominmu. Shi aka ɗora wa aikin auna ɗumin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasarmu, irin wanda bai kai tafasa ba amma zai iya busar da hatsi. Kalmar ɗumi ta yi masa kaɗan. Ya ce mutum kamarsa ba ya fita neman abin da bai kai zafi ba. Ma'aikata suka laƙaba masa Garwashi, ya ji, ya ɗauka kirari ne.

Ma'aunin aikin ɗan siririn gilashi ne da ake zurawa a rijiya da igiya. Halinsa guda: yana riƙe zafi mafi tsanani da ya taɓa shi, ba ya sauka sai an kaɗa shi da ƙarfi. Darakta ya ba shi mazauni a gaban baƙar motarsa, inda rana ke gasa shi, don masu wucewa su san ilimi ne ke tafiya. Injiniya, wadda ta shekara goma sha biyu tana wannan awo, ta russuna ta ce, ranka ya daɗe, a kaɗa kafin a zura.

"Kayan gwamnati ba kwalbar magani ba ne, 'yata. A hannuna ba a girgiza komai."

Rijiya arba'in aka auna, kowacce ta ba da digiri sittin da biyu, har da wadda kwaɗi ke rera waƙa a cikinta. Darakta ya ce wannan shi ne haɗin kan ƙasa. Aka shafe taswira da ja. Injiniya ta ƙi sa hannu a rahoton, ya tura ta ɗakin tsofaffin takardu, ya sa nasa sau biyu.

Don gwaji ya zaɓi rijiyar wani ƙauye, ita kaɗai ce mai ruwan daɗi a wurin. Aka kewaye ta da waya, aka danna kwaɗo. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Mata suka koma tafiyar sa'a guda zuwa rafi. Tsohon da ya haƙa ta ya zo ya ce duk sanda ya shiga yasarta haƙoransa na kaɗawa yake fitowa.

"Baba, haƙora ba sa cikin kayan awo."

Ranar buɗe wurin gwajin Minista ya zo. Darakta ya yi sa'a biyu yana jawabi, rumfa ta zama tanda. Sannan ya sa a jawo guga, ya umarci jama'a su ja da baya saboda tururi. Guga ya fito yana naso. Minista, da gumi ya jiƙe masa riga, ya taɓa gefensa, ya ce a ba shi kofi. Ya sha uku a tsaye. Ya tambaya a hankali wa ya san aikin nan.

Aka ɗauko Injiniya da ƙurar takardu a mayafinta. Ta kaɗa ma'aunin, ta zura, ta jira, ta ce ashirin da huɗu. Kafin la'asar an fasa kwaɗo, mata sun jera bokitai.

Gwamnati ba ta wulaƙanta gwani. An mayar da Darakta shugaban ma'ajiyar sanyi ta kasuwar kifi. Na ji an ce a can Allah ya cika masa burinsa, ya gano zafi. Maƙwabta ne suka fara shaidawa, da hanci.