Baƙin Zaren da Na Cire

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren abokina Sani ba, kuma mazagin wando, igiyar nan da ake ɗaure shi da ita a ƙugu, ne sila.

Maƙwabciyarmu a Kontagora, Mama Ladi, tsohuwa ce 'yar Salka mai wata irin saƙa da ba allura ba kwarashi. Zare take miƙarwa tsakanin sanduna biyu, ta riƙa murɗa wannan a kan wancan da yatsu. Abin da ta murɗa a sama sai irinsa ya fito a ƙasa da kansa, har su haɗu a tsakiya. Kallo biyu na yi na ce ai wasan yara ne (ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba).

Sati uku ina murɗawa tana warwarewa kafin na samu farin mazagi guda. Da muka iso tsakiya ta zura wani baƙin zare ta ƙulle, ta ce, "Ɗana, wannan ne riƙe da komai. Kada ka taɓa shi." Na ce to, Mama. Ina shiga ɗaki na ga baƙin nan ya ɓata mini aiki, na sa reza na cire shi. (Abin da zai ɓuya a ƙugun wando fa nake yi wa kwalliya!)

Ran ɗaurin aure ni na roƙa a ba ni tiren goro, don Alhaji uban amarya shi ne kuma mahaifin ƙanwarta Hauwa da nake so, kuma ina son ya ga yaro mai natsuwa. Ina cikin ratsa jama'a, hannu biyu a tire, sai na ji ƙugu ya yi sakayau. Saƙa na warwarewa daga tsakiya, mazagi na ƙara tsawo, wando na gangarowa. Na ware ƙafafu na ci gaba kamar agwagwa, ina salati a zuci. Daidai gaban Alhaji na haɗa ƙafa zan durƙusa, sai wando ya sauka har idon sawu. Kaftanin kuwa ɗinkin zamani ne, iyakarsa cinya.

Alhaji ya ɗauki goro ɗaya, ya ce, "Madalla. Ajiye tiren, yaro, aikin ƙasa ya fi gaggawa."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Wata guda ina sauya hanya don kada in bi ta layinsu. Mama Ladi ta yi dariya har da hawaye, ta sake ɗaura mini zare a sanduna.

Da iyayena suka je neman auren Hauwa, ina gida ina jiran a koro su. Suka dawo suka ce Alhaji ya tambaya, "Wanda wandonsa ya faɗi amma bai zubar da goron mutane ba? Na ba shi."

Tun daga nan, in tsohuwa ta ce kada in taɓa abu, ko kallonsa ba na yi. Mazagin da nake sawa yanzu, baƙin zarensa biyu ne.