Bangon da Ya Kira Sallah

Da mai gyaran famfo ya gama aikinsa ya bar rami a bangon kicin, matata ta ce a kira mai sa tayil daga Funtua. Na ce, "Haba Hajiya, mutumin da ya gina rumbu uku da hannunsa, tayil huɗu ne za su gagare shi?"

Na kwaɓa siminti, na toshe ramin, na jera tayil tsaf, har na kira maƙwabta su gani. Ana cikin yaba mini, sai bangon ya fara kiran sallar la'asar. Ashe wayata na binne, wadda na jingina ciki tana haska mini.

Hajiya ta miƙo mini guduma.

Har yau in ladan ya makara, sai 'yan unguwa su ce, "Alhaji, ko a jira bangonka?"