Goron Tunku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida surukaina a Kwandiko. Lokacin ina koyarwa a firamare a Birnin Kudu, kuɗin mai sun fara shigowa, an ƙara mana albashi, na ɗinka babbar riga, kaina yana hayaƙi.

Ina da wani ɗan tunku da na tsinta a bayan makaranta. Don ƙauna na ɗora shi kan tuwo da fura, shi kuwa cikinsa ya ce bai san zancen ba, sai zawo. Ana cewa tunku ya san surin da yake yi wa kashi, to nawa har tabarmata bai bari ba. Ya rame, na rasa sukuni. Sai ranar da ya cafke ɓera ya cinye shi da gashi da ƙashi, zawon ya tsaya cak. Daga nan na zama mai ɗana tarko, kullum da ɓera ƙunshe cikin ganye a aljihuna (kada ku tambaye ni me ya sa aljihu).

Ran tafiya ina rawar jiki, na duba tarko, na ƙunshe abin da ya kama, na ƙunshe goron gaisuwa, duk a ganye iri ɗaya. Na jefa wa tunku nasa, na hau keke.

A zaure na durƙusa gaban Alhaji, mahaifin budurwata Hadiza, wanda dama yake shakkar bai wa ɗan boko 'yarsa. Dattawa sun kewaye shi. Kaina a sunkuye, na miƙa ƙunshi da hannu biyu. Ya yi bisimilla ya kwance, sai ga wutsiya.

Na ji kunya har na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya ɗaga ɓeran ta wutsiya, ya juya shi, ya ce, "Malam, wannan fari ne ko ja?"

Na soma bayanin zawon tunku, ina ƙara kwaɓa lamarin, har wani tsoho ya ƙware don dariya. Da na koma gida na tarar da tunku zaune kusa da goro, ko taɓawa bai yi ba.

An ba ni Hadiza, domin Alhaji ya ce wanda ya yi jinyar tunku ba zai bar mace da yunwa ba. Amma har jikokinmu Mai Goro suke kirana. Ni kuma tun ranar, kowane ƙunshi zan miƙa, sai na fara laluba ko yana da wutsiya.